Yadda zaka saka jari a kamfanonin da ke hana wutar intanet ɗaukewa

Duk saƙon da ka tura a WhatsApp, duk kuɗin da ka tura ta manhajar banki, duk bidiyon da ka tsaya kallo, akwai wata kwamfuta a wani gini can da take ɗauke da aikin, kuma wannan kwamfutar bata san haƙuri ba, in wuta ta ɗauke mata ko na ƙiftawar ido ne to ta mutu kenan sai an sake tada ta. Abin da na'urar wutar cikin saba, wato irin wannan kwamfutar, take iya riƙewa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, shi kuma janareto sai ya ɗauki wajen daƙiƙa 10 kafin ya tashi ya karɓi lodi. To wannan ɗan tsakanin akwai kamfanoni na biliyoyin daloli da a kansa suke cin abinci, kuma da yawansu hannun jarinsu yana kasuwa, kowa zai iya saya. Ina son harkar nan sosai saboda buƙatar ta gaskiya ce, ba labarin iska bane, amma fa mutane da yawa sun ƙone a cikinta duk da cewa kamfanonin da suka saya na kirki ne, shi yasa nake so mu bi ta a hankali.

Fara sanin me ake sayarwa

Kar ka sayi shiya, wato hannun jari, ko ɗaya sai ka iya bin wutar da ido tun daga waje har cikin saba. Wuta tana shigowa cibiyar adana bayanai daga babban layi, taransfoma ta rage ƙarfinta, ta wuce manyan allunan bireka da na'urar da ke sauya layi da kanta tsakanin wutar gari da janareto, daga nan ta shiga UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke. UPS ɗin da ake sawa a irin wuraren nan ba irin ƙaramin da ake ajewa a ƙarƙashin tebur bane, kabad-kabad ne a jere suna gurnani a ɗaki guda, ga batura a ɗakin kusa. Shi babban kullum a cikin aiki yake, yana karɓar wutar layi ya mayar da ita irin ta batir sannan inbata ta sake mayar da ita irin ta layi, saboda haka kwamfuta bata taɓa shan wutar gari kai tsaye, in an ɗauke ma bata san an yi ba, batir ya riƙe na ƴan mintuna har janareto ya tashi. Bayan UPS sai na'urorin rarraba wuta zuwa kowane rak, wato kantar ƙarfen da ake jera sabobi a ciki. Sannan ga sanyaya, don kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa, in baka fitar da zafin ba komai zai tsaya.

Abin da ya kamata mai saka jari ya lura da shi anan shine ba a sayen ɗaya. In ana buƙatar UPS huɗu sai a sayi biyar don in ɗaya ya lalace, wannan shi suke rubutawa N+1, wasu ma ninki biyu suke yi gaba ɗaya wato 2N, layi biyu daban kowanne zai iya ɗaukar ginin shi kaɗai. Kaga kenan tsoro ne yake ƙara wa kamfanonin nan ciniki, kuma tsoron yana da dalili. A watan Agusta 2016 kayan wuta suka samu matsala a cibiyar kwamfutocin kamfanin jiragen Delta a Atlanta, sai da aka soke tashin jirage wajen 2,300 cikin kwana uku, asarar ta kai dala miliyan 150. A watan Mayu 2017 irin haka ta faru da British Airways, fasinja wajen 75,000 suka maƙale. Cibiyar Uptime Institute da ke bin diddigin irin waɗannan abubuwa shekara da shekaru tana nuna cewa matsalar wuta ce kan gaba wajen jawo manyan katsewa. Manajan da ya san haka bazai je ya sayo UPS ɗin da bai san asalinsa ba don ya rage kuɗi kaɗan, sunan da ya sani zai nema, wanda in ya kira su ƙarfe biyun dare injiniya zai zo. Wannan amanar ita ce ainihin jarin kamfanonin, sabon shiga bazai gina ta a shekara biyu ba.

Su waye a kasuwar

Vertiv shine wanda kusan duk rayuwarsa akan harkar nan take. Da can ɓangaren kamfanin Emerson na Amurka ne ana ce masa Emerson Network Power, a 2016 aka sayar wa kamfanin saka jari Platinum Equity akan dala biliyan 4, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Fabrairu 2020 da alamar VRT, hedikwatarsa a jihar Ohio take, kuma sunan Liebert da masu aikin wuta suka sani nasa ne. Cinikinsa na 2024 wajen dala biliyan 8 ne, mafi yawa daga cibiyoyin bayanai. Schneider Electric na Faransa shi ya sayi APC mai ƙera UPS a 2007 akan wajen dala biliyan 6, shiyarsa a kasuwar Paris ake sayarwa da yuro, amma shi ƙato ne mai cinikin yuro biliyan 38 a 2024 kuma cibiyoyin bayanai wani yanki ne kawai na aikinsa, sauran gidaje ne da masana'antu. Eaton, mai alamar ETN, ya sayi masu ƙera UPS biyu, Powerware a 2004 da Tripp Lite a 2021 akan dala biliyan 1.65, shi ma yana yin kayan jiragen sama da na motoci. Sai ABB na Suwizalan, Legrand na Faransa da ya ƙware a kayan rarraba wuta cikin rak, nVent, da Delta Electronics na Taiwan, wanda bashi da alaƙa da kamfanin jiragen can. A ɓangaren janareto akwai Caterpillar da Cummins, a batir akwai EnerSys. Huawei ma yana yin UPS sosai amma baya kasuwar hannun jari, sai dai ka san da shi a matsayin abokin hamayya.

Shawara ta farko da zaka yanke kenan: wanda ya dogara kacokan akan cibiyoyin bayanai kake so, ko wanda ya rarraba ƙafa? Na farkon in kasuwa ta buɗe shi yafi tashi, in ta juya kuma shi yafi faɗuwa. Na biyun baya tashi da gudu amma in gina cibiyoyi ya lafa yana da wasu ƙofofin. Ni dai a ganina wanda yake farawa gara ya fara da na biyun.

Me yasa kowa ke maganarsu yanzu? Ƙirƙirarriyar basira ce, wato AI. Da, rak ɗaya kilowat 5 zuwa 10 yake ci, yanzu rak ɗin Nvidia, kamfanin da ke ƙera na'urorin ƙirƙirarriyar basira, mai suna GB200 NVL72 wajen kilowat 120 yake ci shi kaɗai, iska bata iya sanyaya shi sai an bi da ruwa ta bututu har kan na'urar. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce a 2024 cibiyoyin bayanai sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415, wajen kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen zai kai wajen 945 a 2030. Microsoft kaɗai ya ce zai kashe wajen dala biliyan 80 a shekarar kuɗinsa ta 2025 akan irin gine-ginen nan. Duk wannan gaskiya ne, amma ka tuna duk wanda ke kasuwa ya riga ka ji, kuma farashin shiya ya riga ya haɗiye labarin.

Karanta rahoton kamfani, nan ne aikin yake

Kamfanonin da ke kasuwar Amurka dole suna miƙa rahoton shekara mai suna 10-K da na wata uku-uku mai suna 10-Q ga hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka, kuma kyauta ne a shafinta na EDGAR, na Turai kuma zaka samu nasu a shafin kamfanin, ɓangaren masu hannun jari. Ba sai ka karanta shafi ɗari biyu ba. Ga abin da nake nema.

Farko oda. A harkar nan ana yin oda yau a kai kaya bayan wata shida ko shekara, babbar taransfoma ma tana iya kai shekara biyu ko fiye, don haka cinikin da ka gani a rahoton yau odar bara ce, labarin gobe yana cikin sabuwar odar da ta shigo da kuma tarin odar da ke jiran a kai. Ka raba sabuwar oda da kayan da aka kai a wannan lokacin, in misali an karɓi odar dala 120 an kai kayan dala 100 to lissafin 1.2 ne, layi yana ƙara tsawo kenan, in ya sauko ƙasa da 1 kuma ya zauna a nan wata shida ko tara to kamfanin tsohon tari yake ci. Sai dai akwai tarko, lokacin da kaya suka yi wuya masu saye suna yin oda fiye da buƙatarsu, wani ma ya yi a kamfani biyu don ya ga wanda zai riga kawowa, ranar da kaya suka wadata sai a fara sokewa. Shi yasa zaka duba ko rahoton ya faɗi sharuɗɗan soke oda da ko ana karɓar kafin alƙalami.

Na biyu riba a cikin kowace dala ta ciniki, kuma wannan shine wurin da nake so ka daɗe. Tarin oda ba alheri bane in an sa hannu a tsohon farashi sannan jan ƙarfe da ƙarfe da kuɗin dako suka tashi kafin a ƙera kayan. Abin da ya samu Vertiv kenan, a Fabrairu 2022 ya fitar da sakamako ga oda kamar me amma tsadar kaya ta cinye ribar saboda bai ƙara farashi da wuri ba, a rana ɗaya shiyarsa ta zube da fiye da kashi 30 cikin ɗari. Daga baya ya gyara farashi ribar ta dawo har ta wuce da, wanda hakan ya nuna kwastomomi sun yarda su biya ƙari maimakon su canza kamfani, kuma wannan ita ce babbar jarrabawar da zaka yi wa kowane kamfani a harkar: in ya ƙara kuɗi ana guduwa ko ana biya? Ka jera ribar aiki, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin gudanar da kamfani daga ciniki, ta shekara biyar a takarda ka gani da idonka, ka sa shekarun tsada a ciki, kar ka tsaya a shekarar da tafi kyau.

Na uku kuɗin sabis. UPS ba a sayarwa a manta, batirin dalma yana buƙatar canji duk bayan shekara 3 zuwa 5, na litiyom yana kai 8 zuwa 10 ko fiye, fanka da kafasito suna tsufa, ga kwangilar dubawa ta shekara-shekara, kuma yawanci wanda ya ƙera shi ake kira. Wannan kuɗin yana shigowa ko ana sabon gini ko ba a yi, ribarsa kuma tafi ta sayar da ƙarfe kauri. Kamfanin da sabis ke da kaso mai kyau a cinikinsa yafi iya jure shekarar fari, don haka ka nemi layin da ya raba kaya da sabis ka ga yadda yake tafiya.

Sauran biyun a taƙaice: tsabar kuɗin da ya rage bayan an biya komai har da gina sababbin masana'antu, ya zama yana kusa da ribar da aka rubuta, in riba na hawa tsabar kuɗi na ƙasa to kuɗin ya maƙale a sito ko a hannun masu bashi. Sai bashin kamfanin kansa, ka ga shekara nawa ribarsa zata ɗauka ta biya shi, da yaushe wa'adinsa.

Akwai kuma tambayar wa ke saye. Yanzu babban kaso na sababbin gine-gine daga hannun ƴan tsiraru yake fitowa, Amazon, Microsoft, Google, Meta da masu gina musu, to in biyu daga cikinsu suka ce zasu ɗan dakata kowa a layin zai ji a jikinsa. Saboda haka ranar da waɗannan suke fitar da sakamakonsu na wata uku ka saurari abin da suka ce zasu kashe a gine-gine, wallahi wani lokacin yafi rahoton kamfanin da ka saya amfani. Kuma manyan nan suna da injiniyoyinsu, tun 2009 Google ya nuna yana sa ƙaramin batir a jikin kowace saba maimakon dogaro da babban UPS, Facebook ma ya ƙaddamar da shirin tsara kayan cibiyoyin bayanai mai suna Open Compute a 2011 inda ake sa batir a kusa da rak. Yanzu kuma Nvidia yana tura tsarin wuta mai bolt 800 irin ta batir kai tsaye zuwa rak. Buƙatar wuta mai ɗorewa bazata tafi ba amma siffar kayan tana canzawa, kamfanin da bai bi ba za a barshi da tsohon kabad. Litiyom ma yana da nasa hatsarin, a Oktoba 2022 gobara ta tashi a ɗakin baturan wata cibiya a Pangyo ta Koriya ta Kudu, manhajar KakaoTalk da kusan duk ƙasar ke amfani da ita ta tsaya, irin wannan yana iya canza dokoki da abin da masu saye ke nema.

Farashi

Kamfani mai kyau daban, farashi mai kyau daban. Ka raba farashin shiya da ribar da kowace shiya ta samu a shekara, in shiya dala 100 ce ribarta dala 2.5 to ninki 40 kake biya, ma'ana kana biyan kuɗin ribar da ba a samu ba tukuna, kuma kamfanin sai ya yi ta girma shekara bayan shekara ba tuntuɓe kafin kuɗinka ya yi ma'ana. Ka kwatanta wannan ninkin da na kamfanin kansa a shekara biyar ko goma da suka wuce, da na abokan hamayyarsa. In kamfanin kayan wuta da aka saba saye a ninki 18 ko 20 yanzu ana sayensa a 40, ka tambayi kanka me ya canza na dindindin.

An taɓa yin irin wannan zazzaɓin. A 1999 da 2000 ma cewa ake intanet zata shanye wutar duniya, duk kamfanin da ya ambaci wuta mai inganci shiyarsa tashi take, Active Power na Texas mai UPS da ke ajiye ƙarfi a wani ƙarfe mai juyawa maimakon batir ya shiga kasuwa a Agusta 2000 ana rububinsa, ya shekara da shekaru yana asara har aka sayar da kasuwancinsa ga Langley Holdings na Ingila a 2016. Ma'aunin Nasdaq, kasuwar hannun jarin Amurka da kamfanonin fasaha suka fi yawa a ciki, ya faɗi da wajen kashi 78 daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002, Cisco da kayansa ke riƙe da intanet ɗin kanta ya shafe fiye da shekara 20 shiyarsa bata koma inda take a 2000 ba. Intanet kuwa ta girma fiye da yadda aka yi hasashe, masu hasashen basu yi ƙarya ba, farashin ne aka yi wa kallon kitse alhali rogo ne. Na kusa-kusa ma, ranar 27 ga Janairu 2025 da labarin kamfanin DeepSeek na Chaina ya bazu cewa ana iya yin ƙirƙirarriyar basira da kuɗi kaɗan, Nvidia ya faɗi kashi 17, Vertiv ya faɗi wajen kashi 30 a rana guda. Daga baya sun farfaɗo, amma wanda ya shiga da kuɗin haya ko na bashi bai samu damar jira ba, ya sayar a ƙasa. In bazaka iya ganin kashi uku cikin goma na kuɗinka ya ɓace a allo ka kwana lafiya ba to ka rage abin da zaka saka.

Sayen kansa

Dillali mai lasisi zaka nema, ka shiga shafin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a ƙasar da ya ce yana da rajista ka ga sunansa da idonka, kar ka yarda da hoton satifiket da aka turo maka. Ka tambayi kuɗin da suke cira a kowane saye da sayarwa, kuɗin canjin kuɗi, kuɗin cirewa, da kuma sunan wa shiyar take zaune in dillalin ya rufe. Da yawa yanzu suna bari ka sayi gutsuren shiya, ba sai kana da kuɗin guda cikakkiya ba. In ba ɗan Amurka bane kai zaka cike fom ɗin harajin Amurka mai suna W-8BEN, kuma ana cire harajin kashi 30 daga rabon ribar kamfanonin Amurka sai dai in ƙasarka tana da yarjejeniyar haraji da su, kodayake a harkar nan rabon ribar ba yawa gareshi ba, Vertiv ma ɗan mitsitsi yake bayarwa, abin da ake nema shine girman kamfanin. Ka tuna kuma kuɗin da shiyar take ciki, dala ko yuro, shi ma yana hawa yana sauka akan kuɗin da kake kashewa.

Kar ka zuba gaba ɗaya a rana ɗaya, ka raba kuɗin kashi-kashi kana saye duk wata ko duk bayan sakamakon wata uku, kuma ka sa wa harkar iyaka a cikin duk jarinka tun kafin ka fara, ka rubuta adadin. Sayen Vertiv da Eaton da nVent tare ba rarraba ƙafa bane sosai, ranar DeepSeek duk tare suka faɗi saboda labari ɗaya ke ɗauke da su. Wanda bashi da lokacin karanta rahoto akwai asusun haɗaka da ake sayarwa kamar shiya, misali GRID na First Trust da ya tara kamfanonin kayan wuta irin su Eaton da Schneider da ABB, sai ka buɗe jerin abin da ke ciki ka ga kason kowanne da kuɗin da suke cira a shekara kafin ka saya.

Duk wanda ya zo maka a Telegram ko WhatsApp da maganar ka sayi hayar batir ko rak a wata cibiyar bayanai za a riƙa biyanka riba kullum, ɓarawo ne, ko da ya liƙa tambarin babban kamfani. Hannun jari baya biyan riba kullum kuma babu mai lamunce maka adadi.

Ranar da ka saya ka rubuta a layi uku dalilin da yasa ka saya da abin da zai sa ka sayar, misali sabuwar oda ta zauna ƙasa da kayan da ake kaiwa har wata tara, ko ribar aiki tana raguwa alhali ciniki na ƙaruwa, ko manyan masu sayen nan sun sanar da rage kuɗin gini, ko kamfanin ya ciyo bashi mai nauyi don sayen wani kamfani da tsada. Duk bayan wata uku ka ɗauko takardar ka ajiye kusa da sabon rahoto ka duba ɗaya bayan ɗaya. In babu wanda ya faru kuma farashi ya faɗi saboda hayaniyar rana ɗaya, lokacin ƙara kason watan ne, in kuwa biyu daga ciki sun faru to ka fara ragewa ko da shiyar tana sama.